Lamburzato Na Musamman

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya gida, ya yara, ya mai jiki? Allah ya sa aikin idon Hajiya ya yi kyau. Na rubuto ne maimakon in kira, domin na san surukar taki tana kwance a falonki, ido a ɗaure, kunne a buɗe. Direban motar kasuwa ne zai kawo miki. Ki karanta a kicin.

Ran Litinin da safe ina goge tebura sai na ga shayi yana fito wa Direban nan, mai karyawa a wurinmu kullum, ta hanci. Na ɗauka shaƙewa ya yi, na zo zan buga masa baya, ashe dariya ce. Sabuwar takardar abincinmu ce a hannunsa, wadda Hajiya ta ce in kai wa mai buga takardu kafin ta tafi asibiti. Ni na kai, ni na karɓo. Na duba hoton kazar da ke sama na ga ta yi kyau, na shafa ledar da aka manne ta a ciki na ji santsi, na ce madalla. Kin san karatuna, sai na bi da yatsa, shi kuma mutumin yana ta kallon agogo.

Direba ya nuna min ɗaya bayan ɗaya. Inda Baba Kuku mai girkinmu ya rubuta naman rago, an buga naman raggo. Shinkafa da wake ta koma shinkafa da wane. Akwai taliya da kishi, akwai dafaffen kai. Abin da yake sha kuwa sunansa yanzu shayi da makara. Ya ce shi dai a ba shi nasa ba makara, yana da iyali.

Waɗannan duk da sauƙi, kowa ya san abin da ake nufi. Amma can ƙasa akwai layi guda da manyan baƙaƙe: LAMBURZATO NA MUSAMMAN. Na kai wa Baba Kuku. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce tun ba a haife ni ba yake gaban wuta bai taɓa jin wannan ba, kuma ba shi ya rubuta ba.

Da rana sai ga wani ma'aikacin banki da wata budurwa, irin masu ajiye makullin mota a tsakiyar tebur. Ya duba takarda, ya ɗaga gira, ya ce, "Au, har ku ma kuna yin Lamburzato? Kawo biyu. Kada a cika masa ruwa, ba haka ake yin sa ba."

Kin san dokar gidan nan. Ba a ce wa baƙo babu. Wanda na gada a aikin nan kalmar ce ta kore shi, ranar da ƙwai ya ƙare. Sai na ce, "An gama, yallaɓai," na shige kicin.

Baba Kuku ya leƙo ta tagar miƙa abinci ya ƙare wa mutumin kallo. Ya ce, "Wannan bai san shi ba, mu ma ba mu san shi ba. To ba mai kama wani." Ya soya shinkafa da dankali, ya fasa ƙwai a ciki, ya danna ta a kofi ya kife a faranti, ta fito kamar hula. Ya ɗora ganye ɗaya a bisa. Mutumin ya tauna a hankali, ya lumshe ido, ya ce wa budurwar, "Ba laifi. Na ƙasar waje ya ɗan fi shi ƙamshi."

Yaya, ki duba min kalmar nan a babban ƙamus ɗinku na makaranta, ko Allah zai sa abinci ce da gaske. Ga kwafi ɗaya na sako miki. Don Allah kada Hajiya ta ji. Ta ce sai ta dawo za ta yanke ko in zauna ko in tafi, ni kuwa ina son aikin nan. Shi ne na farko da ba a ce na cika sanyin jiki ba.

Ki gaida maigidan da yara.
Ƙaninki, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mai jiki kuma da sauƙi. Takardarka ta iso, amma ba a kicin na karanta ta ba, a banɗaki ne, domin Hajiya ta ji ƙarar yaga ambulan daga falo ta tambayi wa ya aiko. Na ce daga makaranta ne. Ka ga har ka fara sa ni ƙarya.

Na farko, wannan kalma ba ta cikin ƙamus. Na tambayi malamin Turanci, ya ce Faransanci ne. Malamin Faransanci ya ce ta fi kama da sunan ciwo. Malamar koyar da girki ta ce ta sani, amma ya kwanta mata.

Na biyu, da kai da Direba da Baba Kuku duk ƙasa kuka duba, ba wanda ya ɗaga ido sama. Sa yatsan naka a babban layin da ke bisa kan kazar. Ba Gidan Abincin Hajiya aka rubuta ba. Gidan Abincin Gajiya aka rubuta. Da na gani sai da na nemi wurin zama.

Na uku, ka tuna yadda aka yi ka samu aikin nan. Durƙusawa na yi gaban uwar mijina, na ce ƙanina ba shi da takardar makaranta, amma yana da ido kuma yana da haƙuri. Ta ce za ta gani. In ta sallame ka, kai ka huta, ka koma neman wani. Ni ce zan ci gaba da jin labarin a kowane taron dangi har in yi furfura.

Saboda haka ka koma wurin mutumin nan ya gyara aikinsa kafin likita ya kwance mata ido. Kuma ku daina sayar wa bayin Allah abin da ba shi a duniya.

A takardarka ma akwai wuraren da na ja wa layi da jan biro, amma zan bari sai mun haɗu.

Allah ya shirye ka.
Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum, tare da fatan kowa lafiya. Na sa yatsa a layin sama, na gani. Baba Kuku ya ce in kada in nuna masa, zuciyarsa ba ta da ƙwari.

Na je wurin mai buga takardu, ya ce gobe. Na koma goben, ya ce ai goben da ya faɗa ba ita ce wannan ba. Kafin nan na bi kurakuran na rufe da salatif, amma masu cin abinci suka ɓamɓare duka. Matan shagon ɗinki kullum sai sun zo, kowacce ta ɗaga murya ta ce, "A ƙunsa min naman raggo, na maigida ne." 'Yan makaranta kuma hoto suke zuwa ɗauka, daga nan yunwa ta kama su.

Kin ce mu daina sayarwa. Yaya, ta ina? Ma'aikacin banki ya kwaso mana ofishinsu gaba ɗaya, yana koya musu yadda ake riƙe cokali in za a ci. Matsalar ita ce Baba Kuku ba ya yin sa iri ɗaya sau biyu, da ya sauke ya manta. To ni nake riƙe da wa ya ci wane iri. Sabon baƙo kuma tun daga ƙofa nake duba shi. Akwai mai sassauta bel kafin ya zauna, wannan a cika masa. Akwai mai goge cokalin da na riga na goge, wannan ba mai, ba yaji, a jera komai nesa da juna. Akwai mai shigowa yana waya yana faɗa, wannan a ba shi mai romo ya sauko. Ina faɗa wa Baba Kuku ta taga, shi kuma ya haɗa.

Shekaranjiya aka kusa kama mu. Wata nas da wani tela, duk masu zuwa kullum, suka zauna tebur ɗaya suka nemi abu ɗaya. Nata ya zo da kifi, nasa da taliya. Suka dubi faranti, suka dube ni. Na ce, "Naki na masu aikin tsaye ne, nasa na masu aikin zaune." Tela ya gyaɗa kai ya ce dama ya taɓa jin haka.

Babbar maganar ita ce ta Mai Gemu, mai gidan abincin da ke tsallaken titi. Shi ma ya buga sabuwar takarda, kuma a ƙasanta akwai LAMBURZATO NA MUSAMMAN, baƙi ɗaya bai canza ba. Ya tsallako da ludayi a hannu, ya tsaya bakin ƙofa ya ce mun sace masa girkin kakansa. Baba Kuku ya fito yana goge hannu ya ce, "Kakan wa? Ni a jirgin ruwa na koyo shi, a tsakiyar teku." Mutumin da ko kwata ba ya tsallakawa sai an riƙe masa hannu. Kowannensu ya san ɗan'uwansa ƙarya yake yi, amma ba wanda zai iya faɗa bai tona kansa ba. Haka suka yi ta yi har miyar Mai Gemu ta kama.

Wannan ya sa na koma shagon mai buga takardu na zauna a benci. Ya gaji da ce min gobe ya ci gaba da aikinsa. Sai na lura da yadda yake yi. In yana tsara shafi ya ga layi ya rage ba komai, sai ya buga wata kalma ta riƙe wurin, don ya ga yadda shafin zai zauna, daga baya ya goge. In ya tuna. Kalma ɗaya ce kullum. Na gan ta a allon wani mai faci da yake tsarawa, na gan ta a takardar wata makarantar yara, a layin darussa.

Ina nan zaune sai wata ƙatuwar kyanwa mai yagaggen kunne ta haye kan takardu ta miƙe. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Lamburzato, sauka."

'Yarsa ƙarama ce ta raɗa mata sunan.

Yaya, in maganar nan ta fita ba wanda zai tsaya jin bayanin layi da shafi. Cewa za a yi kyanwa muke dafawa. Na roƙe shi ya riƙa kiran ta a hankali. Ya yi alkawarin gyararrun takardu ran Asabar.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Salam. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, ina rubutu ne a kan murfin tukunya.

An kwance idon. Yana gani fiye da yadda muka roƙa. Tun daga ƙofa ta ga yanar gizo a bayan labule, ta ga furfurar ɗanta, ta ga cewa 'yan kunnena ba iri ɗaya ba ne.

Jiya Direbanka ya shigo gaishe ta. Yana durƙushe ya ce, "Hajiya, ai gidan abinci ya cika, Lamburzaton nan ya karɓu." Sai ta juyo ta ce min, "Ke da kika yi boko ai kin san shi. Dafa min in ji." Kafin in buɗe baki maigidan ya ce shi ma ya taɓa ci a wani taro da suka je, yana da daɗi. Ka ji mutumin da nake aure.

Me zan ce? Na shiga kicin na yi yadda ka kwatanta, har da kofin, har da ganyen. Ni da na ce ku daina. Ta ci cokali biyu, ta dube ni da sabon idon nan, ta ce, "Hm."

Kwafin da ka aiko, wanda na ɓoye a ƙarƙashin kwandon albasa, na neme shi na rasa.

Ran Asabar za ta biyo Direba. Ko ka gaya mata gaskiya, ko ka yi shiru, ban san wanne ya fi ba. Tun da na fara koyarwa ban taɓa rasa abin da zan ce wa yaro ba sai yau.

Allah ya rufa mana asiri.
Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ki zauna tukuna, sannan ki karanta.

Hajiya ta iso da rana, gida cike. Ba ta je kujerarta ta bayan kanta ba. Teburin bakin taga ta ja ta zauna kamar baƙuwa, ta cire baƙin gilashi, ta buɗe jaka ta fito da takardar abinci. Daga inda nake ina jin warin albasa a jikin takardar. Ta karanta daga sama har ƙasa, fuskar nan ba abin da ya motsa. Sannan ta ce, "Kai yaro, kawo min Lamburzato."

Na ce, "An gama, ranki ya daɗe."

A kicin na tarar Baba Kuku ya riga ya ɗauko kofi. Na ce ya ajiye, an riga an yi mata hula a gidanki. Ya ce to me za mu ba matar da ta san kowace tukunya a gidan nan da sunanta.

Akwai abin da na daɗe ina gani ban taɓa faɗa ba. In rana ta yi, mutane suka ragu, Hajiya takan ce za ta duba tukwane. Sai ta shiga ta juya wa ƙofa baya, ta kankare ƙanzon shinkafa, ta zuba ɗan mai da ɗanyar albasa, ta ci a tsaye da sauri. Ta ƙofar firji nake hango ta, tana da ƙyalli kamar madubi. To shi na kankaro. Na zuba a farantin da ake ajiye wa manyan baƙi, na sa mai da albasa, na ɗora ganye ɗaya. Baba Kuku ya ce, "Ka fara haɗa kayanka kafin ka kai."

Na ajiye a gabanta. Ta dubi farantin. Ta ɗauke ganyen ta ajiye gefe, ta ture cokali, ta sa hannu. A zaune ta ci, a hankali, har ta suɗe. Ma'aikacin banki yana leƙe daga teburinsa, na ji yana ce wa abokinsa wannan shi ne na asali, ba kowa ake yi wa ba.

Da ta wanke hannu ta yafito ni. Na durƙusa kusa. Ta ce a hankali, "Mene ne Lamburzato?"

Na ce, "Sunan kyanwar mai buga takardu ne, Hajiya."

"Wa ya sani?"

"Ni da shi da Yaya."

"Ita kyanwar fa?"

"Tana amsawa, Hajiya."

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ɗauka idon ne ya motsa, har zan kira Direba. Sai na ga kafaɗunta suna rawa.

Ana cikin haka Mai Gemu ya tsallako kawo ƙara, ya fara da kakansa. Ta goge ido ta ce, "Kakanka ai wurin kakata ya koya. Je ka ci gaba da yi, na yafe maka." Ƙarshe dai ya ce ya gode.

Can sai ga mai buga takardu, karon farko da ya cika alkawari, da gyararrun takardu a hammata. Ya fara ba da haƙuri, zai shiga bayani, ta ɗaga masa hannu. Ta karanta sabuwar ta miƙa masa. Ta ce, "Wannan ai ba abin da zai riƙe mutum kafin abinci ya iso. Mayar da kayanka." Na yi ƙarfin hali na nuna mata layin sama, na ce ko wannan kaɗai a gyara. Ta ce, "Gajiya? Tun ina da ƙarfina nake tsaye a gidan nan. Duk takardar shi kaɗai ne gaskiya. A bar shi."

Sannan ta ce masa ɓeraye sun dame mu a sito, ta ji yana da kyanwa, ya kawo mata ita kafin magariba, ya nema wa 'yarsa wata kyanwar mai sunan kirki.

Ni kuma, da za ta tashi, ta ce, "Gobe ka zo da wuri. Kuma ka daina kallon mutane ta ƙofar firji."

Ƙaninki mai aiki,
Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdulillahi. Na karanta sau biyu, ban ma ɗauko jan biro ba.

Na yarda da ƙanzon, na yarda da kyanwar, na yarda da Mai Gemu. Dariyar ce ban yarda ba. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa ganin haƙoran Hajiya ba sai in tana sakace. Ɗanta ma ya ce ƙari ka yi. Ka rubuto min gaskiya.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum, ina gaida kowa.

Kyanwa ta tare. Hajiya ta sa mata suna Manaja, amma ba ta saba ba tukuna. Jiya wani ya ɗaga murya ya nemi Lamburzato, sai ga ta ta fito daga sito ta zauna a gabansa tana kallon sa. Na ce masa ƙamshin ne yake jan ta. Yanzu da rana rufe ta muke yi.

Dariya kuwa Hajiya ta yi ta, har da hawaye a sabon idon. Ba ni kaɗai na gani ba. Baba Kuku ya gani ta tagar miƙa abinci. Nas da tela sun gani. Mai Gemu ya tarar da ƙarshenta. Sai Direba, wanda ke tsaye a gabanki yanzu yana jiran amsa. Ki tambaye shi, ba sai kin yi masa bayani ba, ya riga ya karanta wannan a hanya.

Ƙaninki, Auta.